Mitar da Aka Hana Sammani

Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma, wani da wuri, wani a makare. Ranar Laraba 9 ga Afrilu, 2025, ana fitowa daga sallar Azahar, aka bugo mini waya daga unguwar Kambarawa cewa wutar lantarki ta kama Sammani mai gyara, kuma kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan La'asar muka kai shi makwancinsa.

Sammani, bango ɗaya ne ya raba shagona na gyaran talabijin da naku a Ƙofar Kaura, don haka abin da zan faɗa a kanka ba ji na yi ba, gani na yi. Na ga tsohon makiyayin nan da yake zuwa da rediyonsa a naɗe cikin rawani. Ka gyara ta har ka gaji da gyarawa, ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya ka ciro cikin taka ka zuba a cikin kwankonta, ka miƙa masa ba tare da ka gaya masa ba, saboda ka san ba zai karɓi kyauta ba. Na ga ranar da Madam Gloria, ma'aikaciyar jinya da ke bayan layinmu, ta shigo da na'urar awon jini ta mahaifiyarta tana hawaye. Ka ture aikin da ke gabanka, ba ka ci abincin rana ba sai da na'urar ta yi ƙara. Lasifikar masallacinmu kuwa, in ta yi shiru ba a ma aiko maka, kai ne kake fara ji.

Amma ban ɗauki alƙalami don yabo kaɗai ba. Akwai maganar da aka rufe a zaman makoki, ni kuwa ba zan rufe ta ba.

Shagon da kake aiki na yayanka ne, Alhaji Lado. Shi ke sayar da kaya, kai ke gyara. Da aikin sola da inbata mai juya wutar batir ta koma ta gida da famfon rijiyar burtsatse ya yawaita, sai yininka ya koma waje, kan rufi da cikin akwatunan wuta na gidajen mutane. Abin da kake auna wuta da shi wata tsohuwar mita ce ta hannu, wadda wayoyinta suka tsattsage har ka ɗaure su da salatif. Bara da damina ka samu yayanka ka ce lokaci ya yi da shago zai sayi mita ta kirki. Ya yarda, amma guda ɗaya. Nan aka tsaya zaɓe tsakanin ta kan tebur da ta hannu, kuma ina zaune a wurin.

Ba ka raina ta kan tebur ba. Ka ce in mutum zai zauna yana bin ƙananan hanyoyin allon na'ura, babu kamarta wajen daidaito. Sai dai ita sai an jona ta da wuta take aiki, ga halin da wutar garin nan take ciki, kuma ba a saɓa ta a hau tsani. Ka ce: "Yaya, ni aikina waje yake. A saya mani ta hannu mai ƙwari, wadda in na yi kuskure ita za ta ƙone, ba ni ba."

Alhaji Lado ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce: "Kai hwa Sammani tsoro gare ka. Wanda tsohuwar mita ba ta kashe ba tun yana saurayi, bana za ta kashe shi? Ni abin da mai kawo gyara zai gani ya san ya shigo babban wuri nike so." Ya dube ni ya ce: "Ko ba haka ba, Malam Bala?" Na ce masa ƙanensa ya fi mu gaskiya. Ya ce ai dama masu gyara bakinsu ɗaya.

Aka kawo ta kan tebur, ƙatuwa, lambobinta kore suna haske. Ya sa aka ajiye ta daidai ƙofa inda mai wucewa zai hango. Yawancin yini a kashe take, ba wuta, an lulluɓe ta da ƙyalle. Da ka ce za ka sayi ta hannun da kanka, sai ya ce hakan tozarta shi ne a gaban makwabta, kamar ya kasa riƙe shago. Ka haƙura, domin shi ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinku, kuma kai mutum ne mai kunya.

Ranar Larabar, mai gidan da ya kira ka gyaran famfo ya gaya mini yadda aka yi. Ka gwada mitarka a soket, ta nuna wuta, ka tabbatar tana aiki. Ka miƙa wayoyinta cikin akwatin wutar famfon, ta nuna babu komai. Ashe wayar ce ta tsinke ta ciki, ƙarƙashin salatif, lokacin da ka ja ta. Ka yi bismilla ka sa hannu.

A zaman makoki, matarka Saudatu tana ciki, Alhaji Lado yana kan tabarma yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa Sammani mutumin kirki ne, amma gaggawa gare shi, ba ya jin magana. Ya faɗa, ya maimaita, mutane suna gyaɗa kai. Da aka yi sadakar uku ya buɗe shago, ya ɗauki wani mai gyara. Sabon ya dubi aikin ya ce ba zai taɓa akwatin kowa ba sai da mitar hannu mai kyau. A ranar Alhaji ya aika aka sayo. Da idona na ga ana ɓare ledarta a kan kujerarka.

Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma ajali yana da sababi, sababin kuma wani lokaci yana da suna.

Ya Allah Ka jiƙan Sammani, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saudatu da ɗiyarsu Khadija, ga mahaifiyarsa Inna Talatu, da dukan masu gyara na Ƙofar Kaura. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin nawa, Ya raya abin da ya bari.

Shi kuma Alhaji Lado, ina yi masa ta'aziyyar ƙanensa. Allah Ya ba shi tsawon rai da lafiya, Ya bar masa hankalinsa garau, kada ya manta komai.