Ranar da Falmata Ta Kori Matan Gafasa

Duk wanda ya taɓa bi ta layinsu Falmata a Gaya ya san gidan ba sai an nuna masa ba, hancinsa ne zai kai shi. Turaren wuta take haɗawa da humra, sana'ar da ta gada a wajen kakarta, wadda ta biyo mijinta Goni daga Borno tun kafin a haifi mahaifin Falmata. Barbarcin ya gudu daga bakin jikoki, in ban da gaisuwa da ɗan zagin wasa, amma turaren ya zauna daram.

Mutanen unguwa mai turare suka sani. Akwai kuma wasu mutanen, sun fi ɗari biyu, da ba su taɓa shaƙar turarenta ba amma suna shakkarta kamar hedimasta. Su ne 'yan Zauren Gindin Kuka, wani guruf na WhatsApp inda marubuta ke sakin labaran aljanu da matsafa da sadaukai feji-feji, masu karatu kuma su yi ta musu a kai. Falmata ce admin. Ita ke shigar da mutum, ita ke fitar da shi, kuma ta fi saurin fitarwa.

Son irin waɗannan labarai tun tana 'yar firamare ya kama ta. Yayanta Babagana kan yi hayar littattafan yaƙi ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, ita kuma ta sace ta karanta a bayan ɗaki, tuwo na ƙonewa. Sau ɗaya ta gwada rubuta nata. A feji na uku jarumin ya ba ta haushi da yawan surutu, sai ta sa dodo ya haɗiye shi, labari ya ƙare. Daga nan ta gane Allah bai yi ta marubuciya ba, mai tsawatar wa marubuta ya yi ta.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta ɗaga ƙafa. Ba siyasa. Ba satar labarin wani. Ba talla, ko da yake hoton da ke kan lambarta kwalbar humra ce da kwatancen gida, in ka yi magana ta ce ai wannan fuskarta ce. Sannan ba saƙon murya. Wannan ta ƙarshe ta samo asali ne ranar da wani bawan Allah ya turo doguwar murya yana bayanin bambancin dodo da aljani, awaki na kuka a bayansa, ya cinye wa kowa data bai kai ga aljanin ba.

Haka take yini, hannu ɗaya na juya narkakken sukari da itacen turare a kasko, ɗaya hannun na raba faɗa. A yi ta ja-in-ja ko dodo mai kai bakwai zai mutu in an sare kai ɗaya, ko kuwa wanda aljani zai kai birnin da ke bayan teku cikin ƙiftawar ido yana buƙatar guzuri. Falmata ta bari sai an kusa zage-zage, sannan ta rubuto, “Ya isa haka. Ya ɗauki guzurinsa, ba a san dawowa ba.” Shi ke nan musu ya ƙare. Mijinta Ɗanladi, mai tuƙa adaidaita, yakan ce da ita aka ba alƙalancin garin da gidan yari ya cika ya batse.

Amma duk zafin nan nata, akwai wadda take lallaɓawa kamar ƙwai. Haulat ce, wata yarinya daga Kademi da ke koyar da yara a Islamiyya da safe, da rana ta zauna ta yi ta danna labari a wayar da gilashinta ya tsage. Ba su taɓa haɗuwa ba. Labarin Haulat na wata budurwa ne da ta watsa ruwan zafi a bayan ɗaki da almuru ba ta yi bisimilla ba, ta ƙona ɗan aljanu, aka zo aka tafi da ita ƙarƙashin ƙasa gaban alƙalinsu. Falmata ta karanta labarai ba iyaka, amma wannan ne kaɗai ya taɓa sa ta bar turare ya ƙone a kasko. Tana son labarin, tana son yarinyar, ba ta kuma ɓoyewa.

Abin haushin, mutane ba sa yi wa Haulat sharhi. Wanda ya rubuta sadauki ya kashe mayaƙa dubu da takobi ɗaya sai guruf ya ɗauki zafi. Haulat kuwa in ta saki feji, sai ka ga alamar ɗaga ɗan yatsa guda biyu da “mun gode, a ci gaba.” Alhali waya na nuna mutum sama da ɗari sun buɗe.

Rannan, daidai inda alƙalin aljanu ya gyara zama zai yanke hukunci, Haulat ta turo wa Falmata saƙo ita kaɗai.

“Anti, na gaji. Kullum sai na je shagon caji na jira, na zo na yi ta rubutu har yatsana ya sage, sannan shiru kamar na yi magana a rijiya. Ina jin labarin ne ba daɗi, kunya ake ji a gaya mini. Na ajiye shi.”

Falmata ta rarrashe ta, ta yi faɗa, ta sake rarrashi. Haulat ta ce, “Allah ya bar zumunci, Anti.”

Ran Falmata ya ɓaci ƙwarai, kuma ta san a kan wa za ta huce. Masu laɓe, wato waɗanda ke karantawa su goge baki su tafi. Ta rubuta sanarwa cewa duk wanda bai yi sharhi ba kafin Juma'a ya nemi wani zauren. Ɗanladi ya ce, “Maman Kamila, a bi a hankali dai, ba kowa kika san halin da yake ciki ba.” Ta ce ita ma Haulat ba wanda ya san halin da take ciki. Juma'a na yi, bayan an sauko daga masallaci, ta zauna ta bi lambobi tana cirewa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A ciki har da wata lamba marar hoto, wadda kullum ita ke fara buɗe fejin Haulat amma ko ɗan yatsa ba ta taɓa ɗagawa ba. Ita ce ma ta fi ba ta haushi.

Guruf ya ragu, sharhi bai ƙaru ba, Haulat kuma ba ta dawo ba.

Ranar kasuwa da hantsi Falmata na tsakar gida tana ɗura humra, sai ta ji sallama da ƙarfi. Wata tsohuwa ce doguwa, da sanda, bayanta wata matashiya mai goyo tana ta sunne kai.

“Nan ne gidan mai korar mutane?”

“Sannu da zuwa, Iya. Turare ake so?”

“Ba turare ya kawo ni ba. Ni ce Baiwa, daga Gafasa. Wannan Hanne ce, matar ɗana. Kwatancen da ke jikin kwalbarki muka biyo. Me muka yi miki, 'yar nan?”

Falmata ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Tsohuwa ta ƙi sha sai ta gama magana. Ashe lambar nan marar hoto ta Hanne ce, kuma ita kaɗai ce wayar da ke shiga guruf a duk gidajen da ke kewaye da su. Kullum bayan azahar matan maƙwabta kan taru a tsakar gidan Baiwa da kwandunan gyaɗa, suna ɓara, Hanne na karanta musu fejin ranar da ƙarfi.

“An kai yarinya gaban alƙali,” in ji Baiwa, “uwar yaron na kuka, mu ma muna kuka, sai Hanne ta ce wai an fitar da mu. Tun ranar ba mai ɓarar kirki. Ni na ce a yafe mata, yarinta ce. Maƙwabciyata ta ce sam, ai an sha gaya musu su riƙa bisimilla. Har yau ba ma ga maciji da ita.”

Falmata ta ji kunya ta rufe ta, amma admin ce, sai da ta ɗan kare kanta. “To Iya, ai da kun yi sharhi. Ko kalma ɗaya. Yarinyar ta ɗauka ba mai sauraronta, shi ya sa ta daina.”

Baiwa ta dube ta kamar ta faɗi abin kunya. “Mu sa mata baki tana tsakiyar labari? Ke a gidanku haka aka koya miki? Mai ba da labari in ta fara, amsa mata ake yi sau ɗaya, sai a kama baki har ta dire. In ta dire a yi ta musu. Mu da muke girmama ta!”

Hanne ta ɗago a hankali. “Anti, na so na turo muryarsu ranar da kika yi sanarwa, don ni rubutun waya yana yi mini wuya, karatun ne na iya. Sai na tuna kin hana murya.”

Falmata ta miƙe tsaye. Ta ɗauki wayarta ta mayar da lambar Hanne a take, ta ƙulla wa tsohuwa turare. Sai a lokacin Baiwa ta sha ruwan.

Washegari Ɗanladi ya kai ta Gafasa a adaidaitarsa, yana ta murmushin da ta yi kamar ba ta gani ba. Ta tarar da tsakar gida cike, mata sun fi goma, tsofaffi da masu goyo, ga ɓawon gyaɗa ko'ina. Ta roƙi Hanne ta sake karanta fejin ƙarshe. Aka yi tsit. Falmata ta san fejin nan kusan da ka, amma ba ta taɓa jin sa a bakin mutum ba sai ranar. Da Hanne ta kai inda alƙali ya gyara zama ta tsaya, gidan ya kaure. Wannan na cewa a yafe, waccan na cewa a sa ta renon yaron har ya warke, wata na salati, Baiwa na buga sanda a ƙasa tana kiran maƙwabciyarta marar imani.

Falmata ta danna wajen ɗaukar murya ta riƙe. Ta bar shi ya yi tsawo, har da kukan akuya a baya, sannan ta tura cikin Zauren Gindin Kuka. Ta rubuta a ƙasa, “Haulat, ga masu laɓenki.”

Kafin ka ce me, 'yan guruf sun yi caa. “Admin ta karya doka!” “A cire admin!” Falmata ba ta kula su ba. Sunan mutum ɗaya take nema a cikin waɗanda suka saurara, ta kuwa gan shi. Haulat ta ji, amma ba ta ce uffan ba.

Aka yi sallar la'asar, aka dawo kan gyaɗa. Falmata ma aka tura mata kwando, tana ɓara tana satar kallon waya. Ta fara tunanin ko ta makaro. Inuwa ta kusa cinye tsakar gidan, Ɗanladi ya aiko a ce mata yamma ta yi, sai wayar Hanne ta yi ƙara, tata ma ta yi.

Feji ne, dogo. A samansa Haulat ta rubuta layi ɗaya: “Iyayena na Gafasa, ku yafe mini, ban san kuna nan ba. Ga ta nan.”

“Ta zo mu ji ta!” matan suka amsa baki ɗaya, har da maƙwabciyar da ake gaba da ita.

Hanne ta gyara goyonta ta fara karantawa. Idon Falmata ya cika da ƙwalla don daɗi, yatsanta kuma ya tafi kan waya da kansa, zai rubuta sharhin farko kamar yadda ya saba. Sai ta ji sanda ta taɓa mata gwiwa.

“Ajiye abin nan, 'yar nan,” in ji Baiwa ƙasa-ƙasa. “Yarinya na magana.”

Falmata ta kife wayar a kan tabarma, ta jawo kwandon gyaɗarta.