Ranar da Na Kai Kaka Mashaya

Jiya da safe ƙarfen ɗumama ɗakina ya yi ƙararsa ta farko a bana. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kafin in ankara bakina ya ce, "Shigo." Na zauna ni kaɗai a bakin gado ina dariya kamar sabuwar kamu. Idan ka taɓa zama a tsofaffin benayen unguwar Parkchester da ke New York, ka san ƙarar nan da bututun ruwan zafi ke yi idan sanyi ya kawo kai. Mu da aka haifa a nan ko jin ta ba ma yi. Amma kakana, mahaifin babana, sati guda cur ya yi yana amsa mata. Da ƙarfen ya buga sai ya gyara zaman hularsa ya ce a shigo, mu yara mu ɓuya a bayan kujera muna ƙyalƙyala dariya. Sai da na girma na gane abin da ya sa yake saurin amsawa. Tun da ya sauka garin nan, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofarmu dominsa.

Ina da shekara goma sha biyu aka kawo shi daga wani gari kusa da Maraɗi don a yi masa aikin ido. Kakarmu ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun watse neman abinci, saboda haka Baba ya ƙudura a ransa cewa zuwan nan ba komawa. An yi wa ido ɗaya aiki, ɗayan kuma likita ya ce sai bayan wata biyu. Kaka ya ce shi kam ido ɗaya ya ishe shi ganin hanyar gida. Tikitinsa na komawa saura sati uku, kuma kullum da safe sai ya sa na ƙirga masa kwanakin da suka rage.

Ni kuwa ba na son ƙirgar nan ko kaɗan. Baba yana shago, Mama tana wurin kitso, shi kaɗai nake tararwa idan na dawo makaranta, da ƙamshin turarensa da dabinon da yake ɓoye mini a aljihu. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Ya yi mini Hausa, in mayar masa da Turanci, don Hausata a lokacin ta kunne ce, ba ta sauko baki ba. Haka muke hirarmu, kowa da yarensa, kuma ban taɓa jin daɗin hira da kowa kamar tasa ba.

Wata rana muna cin abinci Baba ya sake roƙonsa ya zauna. Kaka ya suɗe hannu, ya dube shi.

"Kai, ka san sana'ata. Shekara arba'in ina kora shanu kasuwa. Saniya ko ka ba ta ciyawa har wuya, ba ta zama inda babu mashaya. Garin ga ba shi da mashaya. Ina tsofaffinku suke zama?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuma na riƙe kalmar nan gam, na bi Mama kicin na tambaye ta me ake nufi da mashaya. Tana wanke tukunya, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ta ce mini, "Wurin da ake sha." Ta ci gaba da wayarta.

Ai shi ke nan, a ganina na gano maganin. Washegari na tare mai kula da benenmu, wani tsohon Bature ɗan asalin ƙasar Ailan, na ce masa kakana yana fama da kaɗaici, yana neman inda tsofaffi suke zama su sha, su yi hira. Ka ce na sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Ya jingine tsintsiyarsa, ya zaro wata tsohuwar ambulan, ya rubuta mini wurare uku a bayanta, har da tashar da zan sauka. Na ukun ya ja masa layi biyu. Ya ce wannan wurin ya girmi kakansa, kuma in mutum ya je sau biyu, a na uku sun san sunansa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ba su yi maganar wanda ya yi tambayar da rabin harshe ba.

Ranar Asabar bayan azahar na ce wa Mama zan kai Kaka shan iska. Ganyen bishiyoyi duk sun yi ja sun fara zuba, iska tana cizon kunne. Kaka ya ɗora kwat ɗin Baba a kan babbar rigarsa, ga hula, ga carbi, ga baƙin tabarau da likita ya ba shi. Mura kuma ta toshe masa hanci tun kwana uku, ko albasa ka yanka a gabansa ba zai ji ba. Muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida muka gangara cikin gari, yana riƙe da kafaɗata.

Wuri na farko daga bakin ƙofa ya tsaya. Talabijin ta ko'ina, samari suna ta ihu a kan ƙwallo. Ya ce nan kasuwar awaki ce, mu wuce. A na biyu ya yi sallama har sau biyu, ba wanda ya ɗago, kowa ya ba ƙofa baya. Ya ce ko gidan makoki ana amsa sallama. A hanya ya koya mini yadda ake gane wurin zama na kirki. Da farko ka duba kai nawa ne zai ɗago idan mutum ya shigo. Sannan ka shafa benci, in ya yi santsi, to mutane suna daɗewa a kansa.

Na san abin da za ka ce: yarinyar da aka haifa a New York ba ta san gidan giya ba? Na sani mana. Tun a wuri na farko na ga kwalabe a jere. Amma takarda tana hannuna, Kaka ne da bakinsa ya nemi mashaya, kuma na ga ana kai wa wasu abinci da lemo. Na ce wa zuciyata ƙila tsofaffi suna da nasu sashen. Gaskiyar magana, tsoron tafiyarsa ya fi ƙarfin wayona.

Wuri na uku yana can tsohon gari, a wani siririn titi da aka shimfiɗa da duwatsu. Ciki duk baƙin katako ne da tsofaffin hotuna. Muna tura ƙofa kai biyar suka ɗago, duk furfura, ɗaya har ya ɗaga mana hannu. Kaka ya ce, "Yauwa. Nan akwai mutane." Ya shafa benci, ya ji sumul, ya gyaɗa kai. Sai idonsa mai lafiya ya sauka a kan kofin da ke gaban wani dattijo: abu baƙi wuluk, a samansa farar kumfa mai kaurin yatsa biyu.

To, a wajen mutanenmu kumfa ita ce shaidar shayi. Mai dafawa yana ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya juye, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta tsaya a kofi. Shayin da ba kumfa ruwan zafi ne kawai.

"Masha Allah!" in ji Kaka. "Amarya, dubi kumfa! Wanda ya dafa wanga ya san hannunsa. Kofin dai ya yi girma, amma Nasara komi nasu babba ne. Ce a ba ni irinsa, a ƙara sukari."

Na matsa wurin mai sayarwa, wani dattijo mai jar fuska da tawul a kafaɗa, na faɗa masa. Ya dubi hular Kaka, ya dubi carbinsa, ya dubi hijabina. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda haka. Ya leƙa ƙofar kicin ya kira wani. Sai ga wani baƙin mutum ya fito yana goge hannu. Yana ganin Kaka ya durƙusa, ya gaishe shi da Hausar zangon Kumasi.

"Baba, sannu da zuwa. Wane ne ya kawo ka nan?"

"Amaryata," in ji Kaka, yana nuna ni da alfahari.

"Baba, wannan da kake gani ba shayi ba ne. Giya ne. Nan gidan giya ne."

Carbin ya tsaya cak. Kaka ya cire tabarau, ya kai idonsa kusa da kofin, ya ja da baya yana salati. Ni kuwa na fashe da kuka. Na ce shi ke nan, na zo gyara na ɓata, yanzu ko sati ukun ba zai cika ba. Ina cikin kukan na ga kafaɗunsa suna rawa. Ashe dariya yake yi, irin wadda ba ta fita sai da tari.

"Shekara saba'in da 'yan kai," ya ce yana share hawaye, "na je Makka sau biyu, ban taɓa taka irin wurin ga ba, sai da na yi amarya 'yar Amurka."

Mutumin Kumasi ne ya warware mini. Ya ce a daji mashaya ita ce inda shanu suke shan ruwa, a birni kuma inda mutane suke shan abin da ba ruwa ba. Kaka ya dafa kaina ya ce in bar kuka, laifin Hausa ne da ta ba abu biyu suna ɗaya.

Bai yarda ya zauna a ciki ba, ya koma bencin da ke waje. Can sai ga mai sayarwa da kansa ya fito da shayi na gaske, da madara, ya miƙa masa da hannu biyu. Biyu daga cikin tsofaffin nan suka bar kofunansu a ciki, suka sa kwat, suka zo suka sa shi a tsakiya. Ɗaya ya zaro hoton gonar mahaifinsa a ƙasarsu, da shanu a ciki. Kaka ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce in tambaye shi ina tozonsu ya tafi, wa kuma ya sace musu ƙaho. Ranar na yi tafinta har muƙamuƙina ya gaji. Da za mu tafi Kaka ya ce mini mutanen kirki ne, sun san zama, abin sha ne kaɗai ya raba mu.

Kafin nan mutumin Kumasi ya karɓi ambulan ɗina ya ƙara wuri na huɗu: wani shagon tela a titi na ɗari da sha shida a Harlem. Ya ce mu wuce kekunan ɗinki, mu ɗaga labulen da ke ƙurya.

A ranar muka je, bayan la'asar. Bayan labulen dattawa shida ne a kan benci tsakanin turamen shadda, ga 'yar shuɗiyar buta a kan risho na lantarki. Kaka ya yi sallama, baki shida suka amsa lokaci guda. Na ji hannunsa ya matse kafaɗata. Aka matsa masa, aka tsiyaya masa a ɗan ƙaramin kofi. Ya karɓa, ya juya shi, bai sha ba.

"Wagga kumfa dai ta halal ce ko?"

Suka dube shi da mamaki. Sai ya gyara zama ya kwashe labari ya ba su, har da ƙarin gishiri. Wani mutumin Damagaram ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Tela ya kashe keke ya shigo ya ce a sake daga farko. A cikinsu aka sami wanda ya san kasuwar shanun da Kaka ya ci shekara arba'in, suka shiga lissafin wa ya mutu, wa ke raye. Al'adar wurin ita ce kowa yana da ranarsa ta kawo ganye da sukari ya dafa wa jama'a. Laraba ba ta da mai ita, nan take aka ba shi.

Faɗan da na sha wurin Mama ba sai na faɗa ba. Baba kuwa ya rasa ko ya dake ni ko ya gode mini, sai ya ƙyale ni. Amma ba wanda ya san abin da ke ran Kaka, don bai ce ya fasa ba, ƙirgar kwana kawai ya daina sa ni.

Ranar Litinin ɗin tafiya Baba ya ɗauko jakar Kaka ya ajiye a bakin ƙofa, fuskarsa ba walwala. Ni ko makaranta na ƙi zuwa. Kaka yana zaune yana goge wasu ƙananan kofuna da ya sa aka sayo masa.

"Ina za a kai wagga jaka?"

"Filin jirgi, Baba," in ji mahaifina. "Yau ne."

"Jibi Laraba. Na sha na kowa, sai ran nawa in gudu? Maida ta ɗaki."

Baba ya juya ya fuskanci taga. Ni na ja jakar, ban ma ji nauyinta ba.

Shekara bakwai ya yi tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Duk Asabar ni nake raka shi, in zauna a bakin labule ina aikin makaranta, kunnena yana ciki. Hausar da nake yi maka wannan hira da ita, a can na tsince ta, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin tsofaffin nan. Yanzu shagon telan ya tashi, dattawan wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yaran yau ba sa tambayar mai shara hanya. Waya suke latsawa, ta fassara musu kalma, ta nuna musu wuri, ba kuskure ko ɗaya. Wani lokaci ina tunanin da ina da irin wayar nan a wancan lokacin, da ta kai mu wani tsaftataccen shagon shayi inda ba mai ɗago kai, da mun sha mun dawo, da Kaka ya hau jirginsa ranar Litinin. Kalma ɗaya na ji a karkace, ita ta ba ni kakana har shekara bakwai.