Dakta Tajuddeen Ubale, Janar na Brickfields (1968–2023)

Haihuwa da Asali

An haifi Tajuddeen a garin Ƙaraye ta Jihar Kano a shekarar 1968. Sunan mahaifinsa Malam Ubale, manomi kuma mai fataucin gyaɗa, sunan mahaifiyarsa Malama Ummi. Gidansu tsohon gida ne mai gandu, kuma ya tashi yana ganin waɗansu iyalai suna zuwa ran Sallah su durƙusa a zaure su gai da mahaifinsa, alhali ba dangi ba ne, ba kuma barori ba. Da ya tambaya, sai aka ce masa cucanawan gidan ne, wato jikokin bayin da kakansa na biyu ya mallaka. Bai sake tambaya ba.

Karatu, Aiki da Aure

Ya yi karatun allo da firamare a Ƙaraye, ya yi sakandare da jami'a a Kano, inda ya sami digiri a fannin tarihi a 1992. Ya fara koyarwa a wata kwalejin horar da malamai, kuma a 1995 ya auri Saudatu, 'yar wani abokin mahaifinsa. Allah ya ba su Khaulah a 1997, Haidar a 2002, sannan Mubina a 2006.

Zuwa Kuala Lumpur

A shekarar 2009 ya sami tallafin karatu na gwamnati, ya kwashi iyalinsa zuwa Kuala Lumpur domin digirin digirgir. Batun da ya zaɓa shi ne yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda jihohin Kudu goma sha ɗaya masu noman auduga suka ɓalle suka yi da Arewa, a lokacin da ƙasar take da bayi kusan miliyan huɗu. A kundinsa ya yi kaca-kaca da masu cewa 'yancin jihohi aka yi wa yaƙin, ya nuna cewa 'yancin da suke nufi shi ne na mallakar mutum. Amma abin da ya fi ɗaure masa kai daban ne. Yawancin sojojin Kudu ba su mallaki bawa ko ɗaya ba, duk da haka suka zube a Antietam da Gettysburg, har yaƙin ya ci rayuka sama da dubu ɗari shida. Me talaka yake karewa a dukiyar da ba tasa ba? Amsar da ya bayar ita ce, suna kare tabbacin cewa akwai wanda suka fi. Ya rubuta cewa doka tana iya ƙwace bawa daga hannun mutum a rana guda, amma ba ta iya cire masa wannan tabbacin daga zuciya.

Bayan ya kammala a 2014, wata kwaleji mai zaman kanta ta ɗauke shi aiki, sai ya zauna. Kowace Asabar da la'asar ɗaliban Najeriya sukan taru a wani shagon mamak, wato gidan shayi da abinci, da ke unguwar Brickfields domin su saurare shi. Yakan jera kofunan shayin teh tarik su zama rundunar Arewa a kan tudu, kwalaben yaji su zama mayaƙan Kudu, ya riƙa kifar da su ɗaya bayan ɗaya, har mai shagon ya saba ya daina ƙorafi. Daga nan suka laƙaba masa Janar. Abokin musunsa na kullum shi ne Nahum, wani injiniya ɗan Kudancin Kaduna, wanda yakan zolaye shi cewa bai kamata ya tafi har Amurka neman bayi ba, tun da kakanninsa na Ƙaraye ba su bar ƙauyen su Nahum ya huta ba. Dakta yakan yi dariya ya ce ai shi ya sa yake biyan kuɗin shayin.

Al'amarin Khaulah

Cikin masu zuwa zaman akwai Muntasir, ɗalibin harhaɗa magunguna daga Kano, wanda Dakta yake kira ɗana, kuma shi yake riƙe masa kwalaben Kudu. A 2021 Muntasir ya nemi auren Khaulah, wadda a lokacin take aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Dakta ya yi farin ciki, ya ce abu ɗaya ya rage, binciken asali kamar yadda ake yi a gida, ya ɗora wa wansa Alhaji Ado wannan aiki.

Binciken bai samo sata ba, bai samo hauka ko kuturta ba. Ya samo cewa mahaifin Muntasir haifaffen Ƙaraye ne da ya koma birni tun yana yaro, kuma zuriyarsu na cikin masu zuwa gaisuwar Sallah a wancan zaure. Alhaji Ado ya ce ta waya, muddin yana numfashi jininsu ba zai gauraya da na gandu ba, amma ya ƙara da cewa 'ya ta Tajuddeen ce, shi ke da wuƙa da nama. Dakta da kansa ya kira Muntasir, ya ce ya nemi wata, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Labarin ya girgiza 'yan Najeriya mazauna birnin, har da farko aka ɗauka ƙage ne. Limamin ɗalibai ya same shi bayan Juma'a a Masjid Jamek, ya tuna masa cewa addini da hali aka ce a duba, Dakta ya amsa cewa ya sani. Saudatu ta yi masa magana har ta gaji. Asabar ta gaba ya je shago kamar kullum ya fara jera kofuna, ba wanda ya taɓa kwalaben. Nahum ya dube shi ya ce, “Janar, duk shekarun nan wane ɓangare kake yi wa yaƙi?”

Ya ce, “Wancan tarihi ne, Nahum. Wannan 'yata ce.”

Daga ranar zaman ya watse. Waɗansu sun ce tsoron dangi ne, waɗansu suka ce girman kai. Amma mutumin da ya yi rubutu da hannunsa a kan wannan cuta ta ganin an fi wani, ya san sunanta da mafarinta, da wuya a ce jahilci ya kayar da shi, kuma wannan ne ya fi tsorata waɗanda suka san shi. An ba Khaulah shawarar ta kai ƙara a naɗa mata wani waliyyi. Ta ce ba za ta tsallake mahaifinta ba, ba kuma za ta auri wani ba. Ta ci gaba da kai masa abinci, shi kuma ya ci gaba da koyar da yaƙin a aji, ba tare da ya sauya ko layi ɗaya ba.

Rasuwa da Jana'iza

Ciwon zuciya ya kama shi a cikin jirgin ƙasa yana dawowa daga aiki, ya rasu a asibiti a watan Agusta na 2023 yana da shekara hamsin da biyar, bai janye maganarsa ba. Haidar bai taɓa ganin wankan gawa ba, kuma babu wani namiji na danginsu a ƙasar, saboda haka Muntasir ne ya tsaya tare da mutanen masallaci aka yi masa sutura, shi ne kuma ya shiga kabari ya karɓe shi, ya juya fuskarsa alƙibla. An binne shi a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan birnin.

Bayan Saudatu ta fita takaba, walicci ya koma hannun Haidar. Da aka yi masa bayanin cucanawa, sai da aka maimaita masa da Turanci, domin a Kuala Lumpur ya girma kuma bai taɓa jin kalmar ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce boleh, wato ya yarda. An ɗaura auren a 2024, Alhaji Ado bai aiko wakili ba.

Marigayin ya bar matarsa Saudatu da 'ya'ya uku: Khaulah, matar Muntasir, Haidar, mai aiki a wani otal a Bukit Bintang, da Mubina, ɗalibar jami'a. Yana da jika ɗaya, namiji, wanda aka haifa bayan rasuwarsa. Muntasir ne ya zaɓa masa suna, ya sa masa Tajuddeen. Allah ya yi wa mai sunan rahama, ya yi masa hisabi mai sauƙi a ranar da ba a tambayar asali.