Hoton Da Bai Ɗauku Ba

Watan nan Yaya Modu ya cika shekara goma sha takwas da rasuwa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya yi aure ko suna a unguwar Bulabulin a wancan zamanin, da wuya ka bincika akwatinsa ba ka ga aikin Modu Mai Hoto ba. Zazzaɓin 'yan kwanaki ne ya yi ajalinsa. Ya bar mahaifiyarmu, Ya Amsa, da 'yarsa Falmata wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Da uwar yarinyar ta sake aure, ni da Ya Amsa muka riƙe ta.

Yana cikin na farko a unguwarmu da suka ajiye kyamarar fim suka ɗauki mai kati. A samanta akwai wani ɗan faifai da ake murzawa da babban yatsa, da alamomi kewaye da shi: kan mace don ɗaukar fuska, dutse don abin da ke nesa, mutum mai gudu don abin da ba ya tsayawa, fure don na kurkusa. Akwai koriyar alama, wadda in ka sa ta kyamara ke yi maka komai. Sai harafin M, inda kai ne da kanka za ka auna haske. Nan faifansa yake kwana, nan yake tashi.

Tsakaninsa da koren nan ba shiri. Yakan ce kore bai san rana irin ta Maiduguri ba, bai kuma san mu ba. Mutum zai sha farar babbar riga ya tsaya a tsakar gida, kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, sai riga ta fito tas, fuska kuwa ta koma kamar gindin tukunya. Ni a lokacin gani nake tsabar iyayi ne. Ango na tsaye gumi na tsiyaya, Yaya na can yana murje-murje, in ka yi magana ya ce ai ba rigar aka zo aura ba.

To, wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin unguwa, hotonsa ɗaya ne tak a gidanmu, shi ma wani maƙwabci ne ya ɗauka a kan koren nan. Farar riga, hular zanna, tsakaninsu inuwa.

An so a yi na biyu ranar sunan Falmata. Ya Amsa ce ta dage sai ta ɗauke shi da hannunta, ita da ko rediyo sai an kunna mata. Ya saita mata a kan koren nan don sauƙi, ya nuna mata inda za ta danna, ya koma gindin dalbejiya ya karɓi jaririyar ya tsaya. Ashe garin gyara lafayarta yatsanta ya murza faifan ya koma kan bidiyo. Ta danna, tana jiran walƙiya, shi kuma ya ƙame yana jiranta. Mun daɗe muna tsokanarta da wannan. Shi ya so ya goge, ta ce in ya goge ba ta yafe ba. Bayan ya rasu ta naɗe kyamarar a cikin zani, ta tura ƙasan akwatinta, ta ce kada wanda ya ƙara kunna mata muryar nan tana raye. Ba wanda ya ja da ita.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Kowa mai hoto ne, babu faifai, babu awon haske. Waya ce ke zaɓa maka, har ta wuce makaɗi da rawa. Da can kukansa na'ura na ɓoye fuskar baƙin mutum. Yanzu ba ɓoyewa take ba, wata take ba ka: ta wanke ka, ta share kurji, ta tsuke hanci, amarya ta fito ko dangin ango ba sa shaida ta. Anya ba zai ce gara jiya da yau ba? Ko da yake na san halinsa, da ya gama mita zai karɓi wayar ya yi ta tono har ya gano inda ake kashe wannan kwalliyar.

Bara abin ya shigo har ɗakinmu. Falmata ta girma, tana karatun jinya, kuma tun tana ƙarama tambayarta ɗaya ce, yaya kamannin babanta suke. Mukan ce dogo ne, baƙi, mai zanen Barebari a kumatu. Amma gani ya kori ji. Sai ƙawayenta suka sa tsohon hoton nan a waya, wayar ta cike inuwar da fuska. Ta wanko shi babba, ta sa a gilashi, ta kawo wa kakarta tana murna. Wani kyakkyawan saurayi ne fari sumul, ba zane ko ɗaya. Ni dai ina kallon yadda ta rungume hoton.

Ya Amsa ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Kaka, ba ki gane shi ba?" in ji Falmata.

"Wannan ɗan wasu ne," ta ce. Ta juyo gare ni. "Buɗe akwatin nan."

Batir irin na rediyo muka sa wa kyamarar, cikin ikon Allah ta kama. Muka haɗa kai mu uku a kan allon da bai wuce kwalin ashana ba. Ga shi nan tsaye a gindin dalbejiya, farar riga na ƙyalli, fuska duhu kamar kullum. Ana jin hayaniyar mata da ƙarar turmi. Ya tsaya, ya tsaya, har ya gaji. Sai ya taho. Yana matsowa rigar na fita daga allon, kyamarar na ƙara haske da kanta, har fuskarsa ta cika wurin: zanen nan, gumin goshi, wushirya irin wadda Falmata ke rufewa da hannu in za ta yi dariya.

"Ya, ba hoto kike ɗauka ba," ya ce yana dariya. Ya sunkuya kan jaririyar. "Falmata, kin ga aikin kakarki ko?"

Nan ya ƙare. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Da hoton ya ɗauku a ranar, da inuwa ta biyu muka samu.

Shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Hotunan da ya yi wa mutane, wasu ruwa ya ci, wasu suna nan, kuma in ka ga ɗaya za ka gane mai shi ko bayan shekara nawa ne, don Yaya bai taɓa ba mutum fuskar da ba tasa ba. Abin da ya rage nasa ke nan a wurina, kuma ina kewarsa har yau. Allah ya ji ƙansa, ya haskaka kabarinsa.

A ranar da muka kunna kyamarar, Falmata ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta kife hoton gilashin a kan tabarma, ta roƙi kakarta a sake kunnawa. Da aka zo wurin da ya sunkuya, sai ta riƙe hannuna.

"Goggo," ta ce, "ashe ya taɓa kiran sunana."