Tabon da Ya Gagari Kowa

Tun da ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni benen ma'aikatan nan, ba ni da aiki sai zama a baranda ina kallon mutane. Gida ne da aka hana shanya ta gaba, sai ta baya, don kada a gane su ma suna sa ɗan kamfai. Ƙofarmu na kallon ta wata da kowa ke kira Anti Banki, saboda can take aiki. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya mai karatun lauya.

Ni dai tun farko ban yarda da ita ba. Kowa a benen nan yana da uban da yake talla: wannan nata alƙali ne, wancan nasa shugaban makaranta. Ita kuwa ko hoton nata babu a falo. In an tambaya sai ta ce, "Ai Baba harkar tufafi ya yi," ta jawo wata maganar. Ga injin wanki a ɗaki, ban taɓa jin kukansa ba, amma farin kayanta har kashe ido yake.

Wata rana ruwa ya sauko ina barci, ta kwashe mana shanya ta kawo a ninke. Na ɗaga rigar ɗana. Hannuwa a ciki, wuya a tsaye, gefe kamar an yanka da wuƙa.

Na ce, "'Yar nan, a banki ake koya wannan?"

"Iya, hannu ne kawai."

"Hannun wa? Miƙo in gani."

Sai ta ɓoye hannuwanta a bayanta kamar ta saci nama. Can ta zauna a ƙasa, ga kujera ba kowa, ta faɗa min. Wanki da guga babanta ya yi har ya mutu. Tana yarinya ita ke ɗaukar ƙunshin kaya a ka zuwa gidaje irin wannan, ta ƙofar baya. Injin don idon baƙi ta saya. In ba ta cuɗa da hannu ba, gani take kayan ba su fita ba.

Ta ce, "Iya, ki rufa min asiri. Ɗan likitan da ke sama da mu yana neman 'yata, kuma kin san uwarsa."

Na san ta. Ita ta hana mai gadi gaishe ta a zaune.

Ba a jima ba sai ga matar likitan da lemo a leda, wadda da ko "sannu" sai ta ga dama. Na ce a raina, wannan lemon da ƙugiya a ciki.

"Iya, ke da ba abin da ke wuce ki. Maƙwabciyar nan taki 'yar wane ne? Mu gidanmu ba ma haɗa iri barkatai."

Na ce, "Babanta? Ai manyan garinsu babu wanda bai tuɓe masa riga ba."

"Au! Shi ma likita ne ashe?"

"Na yi boko ne da zan san sunan aiki? Na dai san tabon da ya gagari kowa, wurinsa ake kaiwa."

Ta washe baki. Tana ta zuba labarin nata uban, wai babban ɗan kasuwa, hannunta kuwa yana jera min lemon a faranti ba ta sani ba: uku a ƙasa, ɗaya a bisa, gefen da ya fara ɓaci ta juya shi ciki. Na dubi lemon, na dubi zoben gwal ɗinta.

An yi auren. Da Anti Banki ta zo godiya, har yanzu a tsorace, ta ce, "Iya, in ta gano daga baya fa?"

Na ce, "Ki saki jiki. Ranar da ta tambaye ki tabon me babanki ke cirewa, ke kuma ki tambaye ta nawa kashin lemo."