Tukunyar Bushiya da Injin Alhaji Gidado

Kakata maginiyar tukwane ce a Katagum, a wata unguwa da ke kallon fadama. Mu jikokinta Kaka muke ce mata, matan gari kuma Inna Mai Tukwane. Ba kullum take yi mana tatsuniya ba, sai ranar gashin tukwane. Ranar ce dole ta zauna wuri guda tana tsaron wuta, kuma ba ta son mu riƙa guje-guje a bakin ramin. Ta gwada korarmu ta gaji, sai ta koma ɗaure mu da baki.

Tun la'asar ake kifa tukwanen a ramin bayan gida, a lulluɓe su da karan dawa da busasshen kashin shanu da matan ruga ke kawo mata. Idan rana ta yi ƙasa, iska ta kwanta, sai a kunna. Kaka takan zauna a kan tsohon turmi, gefenta kwatarniyar makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ya yi baƙi ƙirin, da wata gajeriyar tsintsiya. Mu kuma mu baje a tabarma, fuskokinmu na zafi, bayanmu na sanyi. Ni ne mai yawan tambaya a cikinmu, shi ya sa take kirana Alƙali.

"Ku matso, baƙuwa ta iso," haka take buɗewa.

Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi zama mini a kai ita ce ta Kura da Bushiya. Wai su biyun aka yi musu haihuwa rana ɗaya, suka tafi kasuwa sayen tukunyar miyar suna. A bakin kasuwa suka tarar da wata tukunya da aka yi wa ado har baki: farar ƙasa, shuni, ja, duk an kwaɓa da ƙaro, tana ta walƙiya a rana. Kura ba ta ko taya ba, ta sungume ta. Can ƙarshen layi kuma ga wata tukunya dabbare-dabbare, ba ta da wani kyan gani. Bushiya ta tsugunna a gabanta ta ce, "Baiwar Allah, wannan rigar taki, kafin wuta aka sa miki ita ko bayan wuta?" Tukunya ta ce, "A cikin wutar aka sa mini." Bushiya ta juya ta yi wa ta Kura tambaya iri ɗaya. Waccan ta yi fari da ido ta ce, "Wuta kuma? Ni da wannan kwalliyar?"

Nan Kaka takan canza murya ta yi ta Kura, mai kauri, har da haki: "Ke dai Bushiya baƙin ciki ne zai kashe ki. Ɗauki mummunarki, kun dace!"

Ranar suna kowa ta ɗora tukunyarta. Ta Kura na jin zafi sai ƙaron ya narke, adon ya fara tafasa yana zuba, na baki ya gangara cikin miya, hayaƙi mai ɗaci ya cika gida. 'Yan suna suka toshe hanci suka zarce gidan Bushiya, inda tukunya sai ƙara sheƙi take yi tana tafasa. Kura ta wuni ita kaɗai da shuɗiyar miya.

Mukan yi ta dariya har mu faɗi. Wata rana na ce, "Kaka, ta yaya za a sa wa tukunya riga a cikin wuta?"

Ta ce, "Alƙali, angon banza, kullum kana nan amma idonka na kan gyaɗar da ke cikin toka. Tashi ka gani."

Ta sa doguwar sanda ta jawo tukunya guda, jajir kamar garwashi. Ta tsoma tsintsiya a makuba ta yarfa mata. Ji kake cuuu, tururi ya tashi, inda ruwan ya sauka ya koma baƙi mai sheƙi. Da tukunyar ta huce ta ba ni wuƙa ta ce in kankare. Na yi iya ƙarfina, ko gezau.

Na girma na bar Katagum, na dawo Azare. Da tebur na fara a bakin tasha, ina sayar da fulogi da bel. Daga tebur na kama shago, daga shago na fara ɗauko injinan mota na hannu, 'yan Beljiyam, daga Kano. A sana'armu akwai abin da kowa ke yi, ni ma na yi shi shekaru: idan inji ya iso da dattinsa, sai a watsa masa fetur sama-sama, a kira mai fenti ya feshe shi da ragowar fentin jikin mota. Ja ne ko shuɗi, duk abin da ya rage a gwangwani. Mai saye ya zo ya ga yana ɗaukar ido, ya ji daɗi. Babu wanda ke tambayar yadda zai koma bayan wata biyu a ƙarƙashin bonet.

Sai ga Alhaji Gidado, mai bas-bas da ke bin hanyar Dambam da ta Yana. Duk dillalin inji a layinmu yana mafarkin ya zama shi ke ba shi kaya, domin wanda ya samu Alhaji Gidado ya samu direbobin rabin tasha. Ya aiko cewa zai canza wa motocinsa inji, kuma wurin mutum ɗaya yake son ya tsaya, ko ni ko maƙwabcina Alhaji Sabo. Ya ƙara da cewa ya gaji da injin da ake yi wa kwalliyar kasuwa, wanda kafin damina ta fita fentin ya kumbura ya ɓare, tsatsa ta ci gindin kusoshi, bakanike ya zo kwancewa su karye.

Ina jin saƙon nan Kura ta faɗo mini a rai. Shekara da shekaru ashe tukunyarta nake sayarwa.

Na shiga Kano na sayo fenti iri uku: na jikin mota da muka saba, da wasu biyu da aka rubuta a gwangwaninsu cewa na inji ne, suna jure zafi. Rubutun gwangwani kuwa ban yarda da shi ba, domin na san inda ake buga irinsa. Na sa aka yanko mini ƙarfe uku daga tsohon murfin inji. Na tsaya a kan Malam Tanko mai fenti ya wanke su tas har maiƙo ya fita, ya goge da sanfefa, ya yi shafin farko, sannan ya fesa kowanne siriri-siriri sau uku, yana barin ya sha iska a tsakani.

Malam Tanko ya ce, "Alhaji, wannan wahalar duk a kan guntun ƙarfe? Ni da nake feshe inji guda kafin shayina ya huce?"

Na ce, "Shi ya sa yake ɓarewa kafin ka wanke kofin."

Bayan layinmu akwai mai injin niƙa da ke aiki daga safe har magariba. Na roƙe shi na ɗaure ƙarafan nan uku da waya a jikin injinsa, kusa da inda hayaƙi ke fita. Kwana uku suna shan zafi da jijjiga. A rana ta huɗu na kwance su, na zuba musu baƙin mai da fetur da man birki, na murje da tsumma, na bi da farce. Na jikin mota ya yi ƙuraje, yana tashi kamar ɓawon albasa. Ɗaya daga cikin masu rubutun, wanda gwangwaninsa ya fi kowanne kyau, ya yi laushi ya bi tsumma. Na ukun, wani mai ruwan toka da ba ya ko sheƙi, zafin ma ƙara masa tauri ya yi. Shi na sa aka yi wa injina, bayan an kwana biyu ana wankinsa kamar za a ci abinci a kai.

Ranar da Alhaji Gidado ya zo, Sabo ya fito da nasa injin bakin shago, jawur, har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Nawa na gefe kamar jaki kusa da ingarma. Sabo ya leƙo yana dariya.

"Alhaji Buba, toka ka shafa masa ne? Da ka faɗa mini ba ka da fenti ai da na sammaka."

Na ce, "Bar shi dai, Alhaji, naka na zuwa biki ne, nawa na zuwa Dambam."

Alhaji Gidado mutum ne mai ƙarancin magana. Ya dubi jan, ya dubi nawa, na ga idonsa ya koma kan jan. Na ɗauko ƙarafan nan uku na ajiye masa a kan benci, na gaya masa inda suka kwana. Ya ɗauki kowanne ya karce da makullin motarsa. Ya daɗe yana juya mai ruwan tokan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ɗauki maganata. Ɗauki inji ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Alhaji Sabo, ka sa a mota biyu. Idan an yi girbi a buɗe bonet a gaban kowa. Wanda ya faɗi ya haƙura."

Ya ce, "Ka yarda, Alhaji Sabo?"

Sabo ya ce, "Ni da ke da jan inji? Na yarda mana."

Daminar nan ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Duk motar Alhaji Gidado da ta wuce sai na bi ta da ido. Motocin suka sha ruwa da taɓo a hanyoyin ƙauye, suka sha lodi ranakun kasuwa. Ana fara yankan gero sai ga su biyun sun tsaya a ƙofar shagona, Alhaji Gidado kuma a bayansu da bakanikensa. Mutanen layi suka taru. Aka buɗe ta farko: jan ya koma ƙasa-ƙasa, ya ɗaɗɗaye, tsatsa ta yi zobe a kowane kusa. Aka buɗe ta biyu, bakaniken ya sa tsumma ya share laka sau ɗaya. Ruwan tokan nan yana nan yadda aka fesa shi.

Sai bakaniken ya faɗi abin da ni kaina ban hango ba. Ya ce a tsakiyar damina ya ga wani siririn layi baƙi ya gangaro a jikin injina, ya duba ya tarar gaskit ne ya fara yoyo, ya canza shi a ranar. Ya ce da fentin mai duhu ne, ko ya ɓare ya haɗu da datti, ba zai gani ba sai mai ya ƙare inji ya buga a daji da fasinja.

Alhaji Gidado ya miƙo mini hannu ya ce, "Alhaji Buba, sauran motocin na nan tafe." Layi ya ɗauki ihu. Malam Tanko har da ɗaga bindigar feshinsa sama, yana cewa ai dama shi ya ba da shawara.

Bayan sati guda Sabo ya shigo da kansa, ya zauna ya ce in gaya masa sunan fentin. Na gaya masa, domin sunan ba shi ne sirrin ba. Gwangwanin da ya yi kyau bana, baɗi za ka iya samun jabu a cikinsa. Na ba shi waya da guntun ƙarfe na raka shi wurin mai niƙa. Yanzu duk sabon fentin da ya shigo layinmu sai ya kwana uku a can, har mai niƙan na ƙorafin mun mayar masa da inji kamar ɗan tauri, ko'ina laya.

Ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar Kaka shi ne kada kyau ya ruɗe ka. Ban yi daidai ba, domin kyau ba laifi ba ne, kuma yau ina da fentin inji ja da ke jure zafi, ina sayar da shi da daɗin rai. Abin da tsohuwar nan ke nufi ya fi haka sauƙi: ka san inda abu zai je ya yi aiki, ka kai shi can tukuna kafin ka ɗora sunanka a kansa. Ba ta taɓa leƙa cikin bonet ba har ta koma ga Allah. Amma duk injin da ya fita daga shagona yau, ita ta duba shi.