Shamuwar Maƙwabci

A gidanmu da ke gindin duwatsun Tsafe, Baba ba ya shuka sai shamuwa ta sauka kan tsamiyar bayan gida. Ko malaman gona sun yi ta bayani a rediyo, shi kam tsuntsuwarsa yake saurare.

Wata shekara na zo hutu daga Gusau, zafi ya ishi kowa, sai hadari ya taso daga bayan dutse tun lokacinsa bai yi ba. Ruwa ya sauko da ƙanƙara. Muka fake a rumfar bayan gida, ni da Baba da Inna, muna kallon tsuntsaye. Kurciyoyi sun maƙale ƙarƙashin rumbu sun kumbura kamar masu fushi. Zabi sai kewaya gida suke da ihu, an rasa wanda suke kai wa ƙara. Wata kazar Inna kuwa ta ɗauka masara ake watso mata daga sama, tana tsattsaga tana tofarwa, har guda ta same ta a ka ta koma da gudu. Na yi dariya har da hawaye. Baba bai ko murmusa ba, don iska ta kakkaɓo tsohuwar sheƙar shamuwa ƙasa.

Ruwan ya jiƙa ƙasa sosai. Washegari gari duk ya fita da sungumi, har mutanen 'Yankuzo an ce sun shuka. Irinmu yana cikin buhu.

Sai ga shamuwa ta iso. Ta kewaya tsamiyarmu, ba ta ga sheƙa ba, ta wuce ta sauka kan bedin maƙwabcinmu, mutumin da Baba ya daɗe yana yi wa gori cewa ko hankaka ba ya son itacensa.

"To, Malam, ga ta nan ta taho," in ji Inna.

"Wagga ba tamu ba ce."

"Damina tasu daban ta?"

Baba ya ɗauko tsani. Ya jingina shi jikin tsamiya, ya hau da tsohuwar sheƙa a kai, da furfurarsa da komai, ya ɗaure ta da igiyar rama. Shamuwa ta bi shi da kallo, ta zo ta zare 'yan ƙirare daga ciki ta kai bedi. Gaskiya a nan tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya shige ni, don laimar ƙasa tana ta janyewa, kuma geron nan shi ne tuwonmu na shekara.

Da safe na tarar da shi tsaye jikin katanga, ya ɗaga kai yana auna reshen bedin da ido. Reshen da sabuwar sheƙar take ya ɗan leƙo cikin gidanmu, kashinta ma a gefenmu yake zuba.

"Ɗauko iri," ya ce mini. "Kwana kawai take yi can. Bayan gida namu take zuwa."